Umaru Ganda, ɗan dakon da ya zama mai yin silima

A birnin Yamai akwai wani babban gidan raya al'adu mai suna gidan Umaru Ganda. A nan ake yin wasan kwaikwayo, da waƙe-waƙe, da tarurrukan matasa. Mutane da yawa sun san sunan gidan, amma ba kowa ba ne ya san mai sunan. Umaru Ganda bai yi sarauta ba, bai kuma tara dukiya ba. Ya yi aikin soja, ya yi dako, daga baya ya zama ɗaya daga cikin mutanen farko da suka yi silima a ƙasar Nijar. Ga labarinsa.

1. Daga lakwal zuwa fagen yaƙi

An haifi Umaru Ganda a Yamai cikin shekara ta 1935. Bazabarme ne. A lokacin nan Nijar tana hannun Faransa. Yamai kuwa ƙaramin gari ne a bakin kogin Isa, don shekara tara kawai ke nan da aka ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram aka maida shi can. Yara kaɗan ne ke shiga lakwal a zamanin nan, Umaru yana cikinsu. Ya gama lakwal ta matakin farko, ya iya karatu da rubutu da Faransanci. Karatunsa bai wuce nan ba.

Tun bai kai shekara 18 ba ya shiga aikin soja. Faransa tana yaƙi a wata ƙasa mai nisa a gabashin duniya, ana ce mata Indoshin. Can ne ƙasashen Biyetnam da Lawos da Kambodiya suke a yau. Mutanen ƙasar sun tashi suna biɗar ƴancin kansu, Faransa ta ƙi. Aka fara yaƙi a 1946. Faransa ta kwashi dubban samari daga ƙasashen Afirka da ke hannunta, ta kai su fagen fama. Umaru yana cikin waɗanda aka kai.

Ya yi shekara biyu a Indoshin. Ya sha tafiya cikin laka da gonakin shinkafa, da bindiga a hannu. Ya ga abokansa suna faɗuwa kusa da shi. Mutanen da ake yaƙa ba su yi masa laifin kome ba, su ma talakawa ne manoma kamar mutanen garinsu. A 1954 sojojin Faransa suka sha kashi a wani wuri mai suna Diyan Biyan Fu, yaƙi ya ƙare.

Umaru ya komo Yamai da ransa da lafiyarsa. Ya biɗi aiki, bai samu ba.

2. Ɗan dako a Abijan

A zamanin nan samarin Nijar da yawa suna tafiya cin rani bakin teku. Wasu su nufi Kumasi da Akara, cikin ƙasar Gana ta yanzu. Wasu kuma su nufi Abijan, a ƙasar Kodibuwa. Umaru ya bi ayarin masu zuwa Abijan. Ya sauka a Tireshbil, unguwar talakawa da baƙi ƴan cin rani.

Aikin da ya samu shi ne dako a tashar jiragen ruwa. Aikin yini ne. Da sassafe ƴan dako su taru a bakin ƙofa suna jira. Wanda aka ɗauka ya wuni yana dakon buhuna, da marece a biya shi. Wanda ba a ɗauka ba ya koma gida hannu wofi, sai kuma gobe. Haka tsohon soja ya zauna, wata rana a samu, wata rana a rasa.

Abin da ke ɗebe wa samarin Tireshbil kewa shi ne dambe, da rawa, da silima. A gidajen silima ana nuna finafinan Amurka da na Faransa. Samari suna kallon su har su haddace. Kowa ya ɗauki sunan wani ɗan wasa ya laƙaba wa kansa. Amma babu fim ko ɗaya da ke nuna irin zaman da su kansu suke yi.

A nan Abijan ne Umaru ya gamu da wani Bafaranshe mai suna Jan Rush, wanda ake rubuta sunansa Jean Rouch da Faransanci. Rush yana bincike bisa ƴan Nijar masu zuwa cin rani: daga ina suke fitowa, wane aiki suke yi, nawa suke samu. Yana bukatar wanda ya iya rubutu, ya kuma san mutanen. Sai ya ɗauki Umaru aikin yi wa ƴan cin rani tambayoyi da rubuta amsoshinsu.

3. Darasin masuntan Ayoru

Jan Rush ya san Nijar tun 1941, lokacin da ya zo aikin gina hanyoyi. Daga baya ya bar wannan aiki, ya koma binciken al'adu da ɗaukar fim. Yana da wata ɗabi'a wadda ba kowane mai silima ke da ita ba. In ya gama fim, sai ya koma ya nuna wa mutanen da ke cikinsa, ya saurari abin da za su ce. Ga yadda ya koyi haka.

A 1951 ya ɗauki fim ɗin Sorkawa masunta suna farautar dorina a kogin Isa. Ya kai shi Faransa, ya gyara shi, ya sa masa kiɗan mafarauta don ya ƙara armashi. A 1954 ya komo da shi garin Ayoru. Da dare ya yi aka rataya farin zane, aka tada injin wuta, aka haska fim. Masunta suka ga kansu, suka ga jiragensu, suka ga waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Suka nemi a sake nunawa, aka sake.

Sa'annan suka faɗi abin da bai yi musu ba. Kiɗan nan kuskure ne. Dorina tana da kunne ƙwarai, ko tana ƙarƙashin ruwa. Shiru ake yi in ana farautarta, don in ta ji motsi sai ta gudu. Wanda ya sa kiɗa cikin farautar dorina ya nuna abin da ba a yi.

Rush ya yi karatu mai zurfi a Paris, masuntan kuwa ba su taɓa shiga lakwal ba. Duk da haka ya gane su ke da gaskiya. Daga ran nan ya yi hattara da sa kiɗa inda babu shi. Ya kuma riƙe al'adar maida fim wurin masu shi. Wannan ita ce hanyar aikin da Umaru ya tarar a wurinsa.

4. Umaru ya ga kansa bisa farin zane

A 1957 Rush ya shawarci Umaru da abokansa su yi fim bisa zaman ƴan cin rani a Tireshbil. Ba a rubuta labari ba. Kowa zai yi abin da ya saba yi kullum, Rush yana bin su da kamara. Umaru ne babban ɗan wasa. Cikin fim ɗin ana kiransa Edward G. Robinson, sunan wani ɗan wasan Amurka.

Kamarar Rush ƙarama ce, ana yi mata wani da hannu kamar agogo. In an yi mata wani ba ta kai rabin minti ba sai ta tsaya. Ba ta kuma ɗaukar murya. Saboda haka aka ɗauki hotuna kurum, babu magana. Bayan an haɗa su, aka zaunar da Umaru gaban na'urar ɗaukar murya, aka haska masa fim. Yana kallon kansa yana magana. Ya faɗi gajiyar dako, da yunwa, da burin da ke ransa. Wajen ƙarshe an nuna shi yana tafiya bakin ruwa tare da wani yaro. Yana faɗuwa ƙasa, yana tashi, yana kwatanta yadda ake jifa da gurneti. Labarin Indoshin ne yake bayarwa.

Fim ɗin ya fito a 1958 da suna Moi, un Noir, watau ni baƙin mutum. Ya sami babbar kyauta a Faransa, wadda ake kira kyautar Louis Delluc. Masu silima na Turai suka yi ta yabonsa.

Umaru ya ji daɗi, amma hankalinsa bai kwanta ba. Rayuwarsa ce aka nuna, muryarsa ce aka ji. Sai dai wani ne ya riƙe kamara, wani ne kuma ya zaɓi abin da za a bari da abin da za a yanke. Daga baya ya bayyana cewa yana ganin shi ma da hannunsa cikin tsara fim ɗin, kuma da shi kaɗai ne mai shi, da ba haka zai nuna wasu abubuwa ba. Bai yi gaba da Rush ba. Abin da ya ƙudura shi ne wata rana ya ba da labarinsa da kansa.

5. Koyon aiki a Yamai

Nijar ta sami ƴancin kanta ran 3 ga watan Agusta 1960. Umaru ya komo gida. A Yamai an riga an fara gwada yin silima. Wani saurayi mai basira, Mustafa Alasan, ya yi gajeren fim a 1962 mai suna Aouré, watau aure. Ya kuma yi finafinan zane, irin waɗanda ake zana kowane hoto da hannu.

A gidan raya al'adu na Faransa da Nijar akwai wata ƙungiya ta masu son silima. Cikinta akwai ma'aikatan da suka san aikin kamara, da na ɗaukar murya, da na tsara fim, suna koya wa matasa. Umaru ya shiga. Sunansa ya riga ya kai Paris, amma bai ji kunyar komawa ɗan koyo ba. Ya zama mataimaki, yana kallon yadda gwanaye ke yi, yana sa hannu. Da haka ya san aikin daga tushe.

A 1968 ƙungiyar ta sa gasar rubuta labarin fim. Rubuta labarin fim ya sha bamban da rubuta tatsuniya. Sai an raba shi gunduwa-gunduwa. A kowace gunduwa a faɗi wurin da abin ke faruwa, da dare ne ko da rana, wa ke nan, me ya yi, me ya ce. Umaru ya zauna ya rubuta labarin wani soja da ya komo daga Indoshin. Ya sa masa suna Cabascabo. Ya miƙa takardunsa ga waɗanda za su duba. Wannan shi ne karo na farko da ya sa aikinsa gaban idon wasu don su auna shi. Labarin ya karɓu, aka ba shi damar ɗaukarsa.

6. Fim da kuɗi kaɗan

Yin fim a zamanin nan abu ne mai tsada ƙwarai. Babu wayar hannu, babu kwamfuta. Ana ɗaukar hoto bisa wani dogon zare mai kama da ɗamara, ana ce masa zaren fim. Manyan kamfanoni suna aiki da zare mai faɗin milimita 35. Masu ƙaramin ƙarfi kuwa sai mai faɗin milimita 16, don ya fi araha.

Ga ɗan lissafi. Kamara tana ɗaukar hoto 24 cikin daƙiƙa ɗaya, watau hoto 1440 cikin minti ɗaya. Minti ɗaya yana cin zare kusan mita 11. Ƙaramin gwangwani mai zare mita 30 ba ya kai minti 3. Cabascabo minti 45 ne, tsawon zarensa ya kusa mita 500. Wanda ake ɓatawa wajen ɗauka kuwa ya fi haka da yawa, don duk wurin da aka yi kuskure sai an sake. Zaren da aka ɗauka sau ɗaya ba ya goguwa, ba a kuma sake aiki da shi.

Akwai wata wahala kuma. Babu wurin wanke zaren fim a Nijar. Sai an aika da shi Faransa cikin jirgin sama, a wanke shi can. Mai fim ba ya ganin abin da ya ɗauka sai bayan kwanaki da yawa. In haske bai yi daidai ba, ko wani ya gitta gaban kamara, ba zai sani ba sai aiki ya wuce. Dole ne a yi ta gwaji tun kafin a tada kamara.

To, yaya Umaru ya yi da ɗan abin da ke hannunsa?

Ya ɗauki fim ɗin bisa zare mai milimita 16, fari da baƙi, ba mai launi ba.

Ya taƙaita labarin, bai kai tsawon manyan finafinai ba.

Bai gina gidajen wasa ba. Ya yi aiki da abin da ke akwai: titunan gari, da gidajen mutane, da hasken rana wanda ba a biya.

Bai je Indoshin ba. Wuraren yaƙi ma a nan cikin Nijar aka ɗauke su.

Bai ɗauko ƴan wasa daga waje ba. Shi da kansa ya fito a Cabascabo, sauran kuwa mutanen gari ne. Babbar ƴar wasa ita ce Zalika Sule, wadda ta fara fitowa cikin wani fim na Mustafa Alasan a 1966.

Ya kuma bar ƴan wasa su yi magana da Zabarmanci, harshen da suka sha a nono. Wanda ke magana da harshensa ba ya daburcewa, ba a kuma ɓata zare da yawa a kansa.

Bayan an gama ɗauka sai aikin yanka da haɗi, wanda aka yi a Paris. Ana duba zare, a yanke abin da bai yi ba, a liƙa abin da ya yi bisa tsari. Wannan karon Umaru ne mai cewa a bar wannan, a cire wancan.

7. Labarin Cabascabo

Cabascabo soja ne, ya komo daga yaƙin Indoshin da kuɗin sallama cikin aljihu. Dangi da abokai suka tarye shi da murna. Maroƙa suka yi ta wasa shi. Kowa yana so ya zauna kusa da shi. Yana ba su labarin yaƙi, fim yana komawa baya yana nuna abin da ya gani can. Yana kyauta, yana sayen abin sha, yana kashe wa mata kuɗi.

Kwanci tashi kuɗi suka ƙare. Abokai suka janye ɗaya bayan ɗaya. Maroƙa suka koma ƙofar wani. Cabascabo ya fita biɗar aiki. Wanda jiya ake yi wa kirari, yau ya zama lebura, ana ba shi umurni. Abin ya yi masa zafi. A ƙarshe ya ɗauki kayan aiki ya bar birni, ya nufi karkara don ya ci guminsa.

Labari ne mai sauƙi, amma akwai tambaya mai nauyi cikinsa. Saurayi ya je ya yi yaƙin da ba nasa ba, a ƙasar da ba tasa ba. Me ya samu? A lokacin nan da wuya ka shiga babban gari a Nijar, ko Maraɗi, ko Tawa, ko Damagaram, ba ka tarar da ƴan mazan jiya ba. Kowa ya san wani Cabascabo a unguwarsu.

8. Fim ya shiga duniya

Wanda ya gama fim bai san abin da ya yi ba sai masu kallo sun gani. A watan Mayu 1969 aka nuna Cabascabo a garin Kan, cikin ƙasar Faransa, inda ake babban bikin silima kowace shekara. An sa shi cikin sashen da masu sharhin finafinai ke zaɓen ayyukan sababbin hannu. Finafinai kaɗan ne suke ɗauka daga duniya duka. Masu sharhi mutane ne da aikinsu shi ne kallon fim da rubuta abin da ya yi kyau da abin da ya gaza.

A watan Yuli na shekarar aka kai shi bikin Mosko, ya sami lambar yabo. An kuma yaba masa a Malaga, cikin ƙasar Sifen, da Kartaj, cikin ƙasar Tunisiya. Mutanen da ba su jin ko kalma ɗaya ta Zabarmanci suka karanta fassara a ƙasan hoto, suka gane labarin. Ƙarancin kuɗi bai rufe musu ido ba, don gaskiyar da ke cikin fim ɗin ta fito fili.

A gida kuwa akwai cikas. Yawancin gidajen silima na ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci suna samun finafinai daga hannun kamfanoni biyu na Faransa. Su kuwa finafinan kaboyi da na Indiya suke kawowa, don su ke kawo riba. Fim ɗin ɗan ƙasa bai cika samun wuri ba. Sau da yawa sai a gidajen raya al'adu da wuraren biki ake ganinsa. Wannan ya dami masu silima na Afirka duka, don mutanen gida ne suka yi wa aikin.

Yabon da Cabascabo ya samu ya buɗe wa Umaru ƙofa. Yanzu an san ya iya, ana yarda a taimaka masa ya yi wani.

9. Sauran finafinansa

Umaru ya gama da labarin kansa, sai ya juya ga zaman jama'a. Fim ɗinsa na biyu shi ne Le Wazzou polygame. Wani alhaji ne mai mata biyu ya komo daga Makka. Yana yi wa mutane wa'azi, amma ya sa ido ga wata budurwa, Satu, wadda aka riga aka yi wa wani saurayi alkawarinta. Ya yi amfani da dukiyarsa ya karɓe ta. Matarsa ta biyu, kishi ya rufe mata ido, ta shirya kashe amarya, sai ta kashe wata ƙawar amarya bisa kuskure.

A 1972 aka kai wannan fim Wagadugu, wurin bikin silimar Afirka da ake kira FESPACO. A shekarar ne aka fara ba da babbar kyauta ta bikin, mai suna Ingarman Yenenga. Wanda ya fara ɗaukarta a tarihi shi ne Umaru Ganda, ɗan Nijar.

Masu kallo na gida ba su rubuta ra'ayinsu a jarida. Suna faɗinsa cikin gidan silima, da kasuwa, da bakin hanya. Wani lokaci ra'ayin yana da zafi. Zalika Sule ce ta fito a matsayin kishiyar nan mai kisa. Ta iya wasan ƙwarai, har wasu suka kasa raba wasa da gaskiya, suka ɗauka halinta ke nan. Ta sha zargi da baƙar magana saboda irin matan da take fitowa a matsayinsu. Ba a yi mata adalci ba. Ɗan wasa aron hali yake yi, in an gama ya tuɓe shi kamar riga.

Bayan wannan Umaru ya yi Saïtane, watau Shaiɗan, fim mai launi. Yana nuna wani malamin tsibbu mai cin amanar mutanen da suka yarda da shi. A 1980 ya yi L'Exilé, watau wanda ya bar ƙasarsa dole. Daga tatsuniya ya ɗauko shi, yana kuma nuna nauyin maganar da mutum ya furta. Hausawa ma sun ce alkawari kaya ne.

10. Rasuwarsa da abin da ya bari

Umaru Ganda ya rasu a Yamai ran 1 ga watan Janairu 1981, da ciwon zuciya. Shekararsa 45. Daga fim ɗinsa na farko zuwa rasuwarsa shekara goma sha biyu ce kawai. Allah ya jiƙansa.

Ƙasa ta sa wa babban gidan raya al'adu na Yamai sunansa. Bikin FESPACO kuma ya ƙago kyautar Umaru Ganda, wadda ake ba wanda ya fi iya dogon fim ɗinsa na farko. A 1981 wani ɗan Gana, Kwaw Ansah, ya karɓe ta. Jan Rush kuwa ya rasu a 2004 cikin haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni, aka binne shi a Yamai.

A yau aikin ya yi sauƙi. Da wayar hannu ana iya ɗaukar hoto da murya, a gani nan take, a goge a sake ba tare da an biya ko tamma ba. Abin da bai sake ba shi ne abin da Umaru ya yi a 1968. Ya zaɓi labarin da ya sani ƙwarai. Ya rubuta shi, ya ba wasu suka duba. Ya yi aiki da abin da ke hannunsa. Da ya gama, ya kai shi gaban masu kallo.

Ma'anar kalmomi

Cin rani: barin gida bayan kaka don a je biɗar aiki wani wuri.
Dako: ɗaukar kayan wani don a biya ka.
Ƴan mazan jiya: tsofaffin sojoji waɗanda suka je yaƙi.
Zaren fim: dogon abin da ake ɗaukar hotunan silima bisa kansa a da.
Sharhi: bayanin abin da ya yi kyau da abin da ya gaza cikin wani aiki.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka haifi Umaru Ganda, kuma a wane gari?
2. Me ya kai shi Indoshin? Me ya kai shi Abijan?
3. Wane kuskure masuntan Ayoru suka gani cikin fim ɗin Jan Rush?
4. Don me hankalin Umaru bai kwanta da fim ɗin Moi, un Noir ba?
5. Ku faɗi dabaru uku da ya yi don ya rage kashe kuɗi.
6. Don me wasu suka zargi Zalika Sule? Sun yi daidai?

Lissafi

In minti ɗaya yana cin zare mita 11, mita nawa fim mai minti 20 zai ci? Gwangwani nawa mai mita 30 za a saya?

Aiki

Ku kasu rukuni-rukuni. Kowane rukuni ya zaɓi wani ɗan labari da ya faru a garinku, ya raba shi gunduwa biyar, ya rubuta. Ku yi wasansa gaban aji. Masu kallo su faɗi abu ɗaya da ya yi kyau, da abu ɗaya da ya kamata a gyara. Masu wasa su saurara har a gama, sa'annan su gyara su sake.